Filin Tambaya da Amsa: Sun Ce Sai Na Nuna Fuskata Kafin Su Buɗe Mini

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham ta ƙasar Ingila, shekarata ta huɗu ke nan a nan tare da maigidana da yaranmu uku. Tun tsakiyar 2025 wasu manhajoji suka fara tare mu a ƙofa, wai sai mutum ya tabbatar ya kai shekara 18. Ko dai ka ɗauki hoton fuskarka, ko ka tura hoton fasfo. A matsayina na uwa na ji daɗin dokar, don na san abin da ke yawo a wayoyin yara. Amma hankalina bai kwanta da tura fasfona ga kamfanin da ban taɓa jin sunansa ba. Ga babban ɗana mai shekara 14 ya dame ni in ara masa fuskata a buɗe masa wurin hira na wasan da yake yi. Ina hotunan nan suke zuwa? In bayar ko in ƙi? Daga Maman Khalifa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah ya raya zuri'a, ya ba da ladan aikin jinya.

Wata safiya, shekarun baya, na sayi ƙosai a bakin layinmu a nan Kano. Da na warware takardar da aka naɗe mini shi, sai na ga kwafin fom ɗin neman aiki ne na wani bawan Allah. Ga hotonsa, ga cikakken sunansa, ga ranar haihuwa, ga unguwarsu har da lambar gida, mai ya jiƙe rabin fuskar. Ban san shi ba, amma kafin ƙosan ya huce na san abin da ya isa in yi masa sojan gona. Ofishin da ya kai wa takardar bai nufe shi da sharri ba. Sun karɓa ne, suka ajiye, suka manta, ranar share sito wani ya kwashe ya sayar wa mai ƙosai. Duk lokacin da aka ce in tura katin shaida ta intanet, wannan takardar ce ke faɗo mini a rai. Don haka shakkar da kike yi ba waswasi ba ne.

Dokar da ta tare ki majalisar Birtaniya ta yi ta a 2023 don kare masu amfani da intanet, hukumar Ofcom ce ke sa ido a kanta, kuma sashen tantance shekaru ya fara aiki ranar 25 ga Yulin 2025. Daga ranar, shafin da ke ɗauke da batsa, ko manhajar da yaro zai iya cin karo da abin da ke kwaɗaitar da kashe kai ko cutar da jiki, ba ya wadatuwa da tsohon maɓallin nan na "eh, na kai 18" da ko ɗan firamare ya iya dannawa. Kamfanin da ya yi kunnen ƙashi ana iya cinsa tarar da ta kai fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na duniya, duk wanda ya fi yawa. Shi ya sa kika ga sun tsaurara. Wasu ma tsoron tara ya sa suka rufe har abin da bai kamata su rufe ba.

Manufar ba ni da ja a kanta, ni ma uba ne. Inda nake da magana shi ne farashin. Tambayar da ake yi miki ɗaya ce tak: kin kai 18 ko ba ki kai ba? Amsarta kalma ɗaya ce. Fasfo kuwa yana amsa tambayoyi goma da ba wanda ya yi: sunanki, ranar haihuwarki, garin da aka haife ki, ƙasarki, lambar fasfon, sa hannunki. Lokacin da muke samari, mai gadin ƙofar silima kan dubi yaro ya ce "koma gida, ba ka isa ba", kafin gari ya waye ya manta fuskarsa. Mai gadin intanet ba ya mantuwa sai an tilasta masa. Kuma abin da zai iya haɗawa ya fi fasfon kansa haɗari, wato sunanki na gaskiya a gefe guda, jerin wuraren da kika shiga a ɗaya gefen. Mace mai neman shawara kan dukan miji, ko saurayi mai fama da shaye-shaye da ke neman mafita a ɓoye, in suka san ana iya liƙa sunansu da abin da suka karanta, ba za su shiga ba. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin yadda kunya ke hana mutum zuwa asibiti.

To ina hoton yake zuwa? Galibi ba manhajar da kike son shiga ce ke dubawa ba. Tana ɗaukar hayar wani kamfani ne wanda sana'arsa ke nan, kamar Yoti na can Ingila, wanda Instagram ke aiki da shi tun 2022. Kin ɗaga waya, kwamfuta ta dubi fuskar ta ƙiyasta shekaru, sai a aika wa manhajar da "ta wuce" ko "ba ta wuce ba". Manyan kamfanonin wannan harka suna cewa suna goge hoton da zarar an gama. Mai yiwuwa gaskiya suke faɗa. Matsalar ita ce daga inda kike zaune ba ki da hanyar leƙa sitonsu.

Kuma an riga an ga inda alkawari ya karye. A Oktoban 2025 kamfanin Discord mai manhajar hira, wanda yara masu wasannin kwamfuta irin Khalifa suka sani sarai, ya sanar cewa ɓarayin intanet sun kutsa wa wani kamfani da ke kula masa da ƙorafin jama'a, kuma hotunan katin shaida na mutum kusan 70,000 na cikin abin da ake fargabar ya fita. Ki lura da su wane ne: mutanen da suka tura katin don ɗaukaka ƙara kan shekarun da aka yanke musu. Ba ta babbar ƙofa ɓarawon ya shigo ba, ta ƙofar baya ya bi, inda ba wanda ke tunanin an tara komai. Kafin wannan, a Yulin 2025, wata manhajar mata a Amurka mai suna Tea ta yi asarar hotuna kusan 72,000, daga ciki 13,000 na fuska ne da katin shaida da matan suka tura lokacin rajista. Na waɗanda suka yi rajista tun kafin Fabrairun 2024 ne, ma'ana sun fi shekara a ajiye. Takardar ƙosai ke nan, sai dai wannan ba mutum ɗaya ke karanta ta ba.

Koriya ta Kudu ta daɗe da ɗanɗana wannan. A 2007 ta wajabta wa manyan shafuka su karɓi sunan gaskiya da lambar ɗan ƙasa kafin mutum ya rubuta komai. Ba don shekaru aka yi ba, don hana zage-zage ne, amma rumbun da aka tara iri ɗaya ne. A 2011 aka sace bayanan mutum miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 50 da ɗoriya ba. A 2012 kotun tsarin mulki ta soke dokar. Dokar ta tafi, bayanan ba su dawo ba. Magana zarar bunu ce, haka ma wannan. Lambar sirri in ta fita a canza ta cikin minti biyu, fuska da ranar haihuwa kuwa da su za a kai mutum kabari.

Ga abin da zan yi in ni ne ke. Da farko ki tambayi kanki ko wurin ya cancanci wahalar, da yawa ba su kai ba. In ya zama dole, ki duba zaɓin da aka jera, don Ofcom ta amince da hanyoyi da dama ban da fasfo: ta kamfanin layin wayarki, ta bankinki, ta katin bashi wanda dama sai ɗan 18 ake ba wa, ko ta ƙiyasin fuska. Ki zaɓi wadda ta fi ba da kaɗan. Ni na fi son ta layin waya ko banki, tunda sun riga sun san ki, "eh" kawai za su faɗa. Bayan su sai fuska. Fasfo shi ne na ƙarshe, kuma kada ki taɓa tura shi ta imel ko cikin akwatin hira da ma'aikacin kamfani. Ki karanta sunan kamfanin da ke tantancewar, ki ga kwana nawa ya ce zai riƙe bayanin. Dokar kare bayanai ta Birtaniya ta ba ki damar rubuta musu ki nemi a goge, in suka yi biris ki kai ƙara wurin ICO, hukumar da ke sa ido kan kare bayanai. Sannan ki kula da saƙon da zai zo miki haka kawai yana cewa "tabbatar da shekarunki ko a rufe asusunki". 'Yan damfara sun samu sabuwar riga.

Akwai hanyar da ta fi duk waɗannan, Faransa ta sa ta cikin sharuɗɗanta: mai tantancewa ya san ko ke wace ce amma bai san inda za ki ba, shafin kuma ya san babba ce ta zo amma bai san sunanta ba. In kin gan ta cikin zaɓi, ki ɗauka.

Maganar Khalifa kuwa, a'a. Kada ki ara masa. In kika nuna fuskarki a asusunsa, kin shaida wa kamfanin cewa mai asusun babba ne, duk katangar da aka gina wa yara za a rushe masa ita, har da wadda ke hana baƙi manya aiko masa da saƙo. Kuma ki sa ido, don abin da abokansa za su koya masa na gaba shi ne VPN, manhajar da ke sa waya ta zama kamar tana wata ƙasa. Makon da dokar ta fara aiki irin waɗannan manhajoji ne suka hau saman jerin abin da aka fi saukewa a Birtaniya. Na kyauta da yawa daga cikinsu da bayanan mai amfani suke cin abinci, an gudu gara an faɗa gidan zago. Ki zaunar da shi ya nuna miki wasan, ki ga da wa yake hira. Yawancin wasannin nan suna da saitin iyaye da zai bar shi ya yi magana da abokan makarantarsa kaɗai.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce Ostareliya ta hana yara shiga Facebook da TikTok. Mu ma ba za a yi mana haka da lambar NIN a huta ba? Daga wani malamin sakandare, Gusau.

AMSA: Malam, sannu da fama da ɗalibai, na san daga inda wannan "a huta" ta fito. Gaskiya ne, daga 10 ga Disamban 2025 Ostareliya ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba mallakar asusu a manyan shafukan sada zumunta, tarar kamfani tana iya kai dalar ƙasar miliyan 49.5. Amma ko su sun rubuta a dokar cewa ba za a mayar da katin gwamnati hanya ɗaya tilo ba.

Mu ma muna da abin da ya taɓo batun. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye za a sarrafa bayanan yaro, kuma kamfani ya nemi hanyar tabbatar da shekaru. Sai dai ka tuna lambar nan mai alƙaluma 11 tana ɗaure da layin wayarka da asusun bankinka. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, ko da yake hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. In har za a yi, ya kamata a bi ta lambar aro mai alƙaluma 16 da hukumar ta fito da ita, wadda ke mutuwa bayan awa 72, ba ainihin lambar ba.

Sannan ga tamu matsalar ta gida. Wayar da ɗalibinka ke latsawa da daddare, sau da yawa da NIN ɗin babansa ko yayansa aka yi rajistar layin, to ita kwamfuta dattijo take gani. Shekarun da ke cikin rumbun ma, nawa ne daga takardar rantsuwar kotu suka fito? Ni kaina 1 ga Janairu ke rubuce a duk takarduna, alhali mahaifiyata ta ce ana tsakiyar damina aka haife ni, gero ya fara fid da kai.