Tambaya da Amsa: Na tambayi kayana ya rubuto mani "5g"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ƙaninka ne daga Gusau, ina saida kayan gyaran waya, su sikirin da batir da caja. Akwai wani yaro ɗan Hong Kong da ke haɗa mani kaya shina turowa, mutumin kirki ne wallahi bai taɓa cin ko sisina ba, amma rubutunai ke ɗaure mani kai. Muna cikin magana da guntun Turancinmu sai ka ga ya jeho haruffa da lambobi. Ran nan na tambaye shi yaushe kaya za su taso ya rubuto "5g", na zaci wayoyin 5G zai sako mani har na fara lissafin riba, kaya sunka iso ba waya ko ɗaya. Wata rana "siu4", wata rana kuma da munka yi cacar baki da wani ɗan kasuwa sai ya turo hoton gyaɗa kawai. Na sa a manhajar fassara ta ba ni shirme. Malam zagina yake yi ko mi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi yi ma kasuwa albarka. Kwantar da hankalinka, cikin ukun nan da ka lissafo babu zagi ko ɗaya.

Abin da mutanenmu da yawa ba su lura ba shi ne Caina ba yare ɗaya gare su ba. Mandarin shi ne na gwamnati da makaranta, amma yaron ga naka Kantonis yake ji, yaren lardin Guangdong inda birnin Gwanzo (Guangzhou) yake, da Hong Kong da Makawo, masu jin shi sun haura miliyan 80, kuma idan ɗan Beijin ya zauna cikinsu suna hira da sauri to sai dai ya bi su da ido. To matsalar ita ce a makaranta rubutun da ake koya masu ya bi tsarin Mandarin ne, ba yadda suke magana a gida da kasuwa ba, har akwai kalmomin da tsofaffin kwamfutoci ba su da harafinsu sam. Shi ya sa matasansu sunka shiga dabara, duk abin da ya yi kama da sautin kalmar sai su ɗauko shi, ko lamba ce ko harafin Turanci, tunda dama Ingila ta riƙe Hong Kong har 1997 Turanci ya zauna masu a baki. Kamar dai yadda mu ma muke rubuta slm da ykk da "kwana2", wanda ya koyi Hausa a littafi ba zai gane ko ɗaya ba.

Yanzu ga "5g" ɗinka. Biyar a yarensu "ng" ce, da yawansu ma "m" suke hurta ta, kuma "m" ita ce kalmar korewa wato a'a ko ba haka ba. Sani kuma "ji" suke cewa, daidai da sunan harafin G a Turanci. Ka haɗa su, m ji, ban sani ba. Bawan Allah ce maka ya yi bai san ranar da kaya za su taso ba, iyakarta ke nan. Haka in ka ga 5 a gaban wata kalma to galibi korewa ce ba ƙidaya ba, wannan ka riƙe shi da kyau don shi ne ya fi shahwar kuɗi.

"siu4" kuwa dariya ce. Siu dariya, huɗu kuma "sei" wadda ta yi kama da kalmar mutuwa, ma'ana dariya za ta kashe ni. Wannan kamannin ne ma ya sa ba su son lamba 4, akwai benaye a can da za ka hau lif ka ga an tsallake hawa na 4 da na 14, ita kuma 8 suna rububinta saboda ta yi kama da kalmar arziki.

Gyaɗar ita ce ta fi burge ni. In ana rigima mutum ba ya ciki ya koma gefe shina kallo, sai su ce shina cin gyaɗa, su masu Mandarin kuma kankana suke cewa. Wato ya gaya maka ba ruwanai, ku ƙarata ku biyu shi ɗan kallo ne. In kuma wata rana ya rubuto maka "add oil" ba man inji yake nufi ba, ƙarfafa gwiwa ce, ka daure ka ci gaba, daga kalmar yarensu "ga yau", wato ƙara mai, sunka juyo ta kai tsaye har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita a 2018.

Inda nike son ka yi hattara lamba 9 ce. Sautinta "gau" ya yi kama da wata kalmar batsa, don haka in ka ga irin su "on9" wannan kam ashar ne, kada ka kwaikwaya ka tura ma kowa ko da wasa. "c9" ba ashar ba ne, matar aure mai zaman gida ake nuhi, amma yakan zo da raini, kada ka kira wata abokiyar ciniki da shi.

Manhaja kuwa ba za ta fisshe ka ba. Ko Google sai a 2024 ya sa Kantonis cikin yarukan da yake fassarawa, kuma wannan rubutun da kunne ake karanta shi, inji ya ga 5 sai ya ce biyar. Su kansu sun san haka, lokacin zanga-zangar 2019 da gangan wasu sunka riƙa rubuta yarensu da haruffan boko don kada baƙi da injina su gane.

Shawarata, ku sha hirarku da raha yadda kuke so, in ya jeho abin da ba ka gane ba tambaye shi, za ka ga ya ji daɗi ma. Amma maganar farashi da adadi da ranar lodi, ka ce ya rubuto maka a cikakkiyar jimla kuma a sa a takardar kaya kahin ka tura ko kwabo.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗiyarka ce daga Talata Mafara, ina son in fara saro jakunkuna da takalma daga Gwanzo, wane zan koya cikin yarukan nan biyu?

AMSA: Lahiya lau ɗiyata, Allah shi ba da sa'a. Mandarin za ki koya. Duk da Gwanzo gidan Kantonis ce, masu shaguna da yawa baƙi ne daga wasu larduna kuma da Mandarin ake ciniki, ga shi hawa da saukar muryarsa huɗu ne, na Kantonis shida. Sai dai ki riƙe kalmomin godiya biyu daga Kantonis, "m goi" in an yi maki hidima, "do je" in an ba ki kyauta. Ki fara da ƙidaya da sunayen launi da lambar takalmi, su za ki fi buƙata a makon farko.