Sanyin ɗakin kifi ya lalata min yatsu, in kai mai gida ƙara?

Tambaya: Shekara biyu da rabi ke nan ina lodin katan-katan na kifi a wani ɗakin sanyi a Kano. Safar hannun da aka ba mu ta yage tun bara. Makon jiya yatsuna biyu suka yi fari fat, ba na jin su, yanzu sun ɗuri ruwa. Mai gida ya ce in je in huta, babu albashi. Abokaina sun ce in kai shi caji ofis, ko in maka shi kotu a biya ni miliyoyi. Sai dai ba ni da takardar ɗaukar aiki.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, Malam. Asibiti tukuna, yau ɗin nan. Irin waɗannan ɗakuna kan kai digiri 18 ƙasa da sifili, kuma yatsan da ya yi fari ya ɗuri ruwa alama ce naman ya daskare. Kada ka gasa shi a garwashi, kada a murza maka.

Shawarar abokanka, a yadda ka kawo maganar, ba za ta kai ka ko'ina ba. Wannan rigimar ƙwadago ce, caji ofis ba hurumin ta ba ne. Miliyoyin ma ka cire su daga ranka tukuna, domin diyya tana bin girman raunin da likita ya tabbatar da kuma yawan albashinka.

Inda kake jin tsoro kuwa, nan ne kake da ƙarfi. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi. Takardar aiki kuma, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago a wuyan mai gida ya rataya ta, cikin wata uku da fara aiki. Shi ya yi sake. Wannan dokar ta ba ka har kwana 12 na jinya da albashi a shekara, muddin akwai shaidar likita, saboda haka "je ka huta" hannu wofi magana ce da ban ga madogararta ba.

Abin da ya fi damuna lokaci ne. Doka ta ce ka sanar da mai gida cikin kwana 14 da samun raunin, ka ga ka riga ka cinye kusan rabi. Rubuta masa, ka sa rana da wuri da yadda abin ya faru, ka riƙe kwafi, ka tura hotonsa ta WhatsApp. Shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, wadda ake biya kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata domin irin wannan rana. Neman diyyar cikin shekara guda ake yi. Ajiye yagaggiyar safar nan, ka ɗauki hoton yatsun kullum. Ka roƙi likita ya rubuta a fili cewa daskarewa ce daga wurin aiki. "Sanyi ya shige ni" magana ce da kowa ya gane a gida, amma ba ta tsayawa hujja.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan, kuma barin ma'aikaci da yagaggiyar safa har shekara zai iya zama sakaci. Amma sai ka kawo shaidu, abokan aikinka kuwa suna tsoron abincinsu, ga shari'a na iya jan lokaci. A fahimtata ga sashe na 12 na Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, zaɓi ne tsakanin diyyar hukuma da ƙarar mai gida, ba a cin biyu. Kada ka zaɓa sai lauya ya ga takardunka.

Da ni ne, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya zan fara zuwa a kira mai gidan zaman sulhu. In bai yi rajista da NSITF ba, diyyar na iya yin jinkiri, amma shi ma zai fi son a gama a teburi. Ka nemi kuɗin asibiti, albashin kwanakin jinya, komawa aiki, sabuwar safa da takalma, da hutun ɗumama jiki. Kada ka sa hannu a wata takardar "an gama" kafin likita ya faɗi makomar yatsun, domin yakan ɗauki makonni kafin a san iya inda naman ya mutu.