Tambaya da Amsa: Sinadarin da ke raya jijiyoyi da zugin ƙafar Baba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Mahaifina ya daɗe da ciwon suga, yanzu tafin ƙafarsa yana masa zugi da dare, wani lokacin kuma silifas ya zame daga ƙafarsa bai sani ba. A aji an ambata mana wani furotin mai suna NGF, wai shi ke raya jijiyoyi. Sai ga wani yana tallar ƙwayoyi a WhatsApp, ya ce akwai NGF a cikinsu, suna farfaɗo da jijiyar da ta mutu. Don Allah mene ne wannan sinadari, kuma mu saya wa Baba?
Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka. Kada ku sayi ƙwayoyin nan. Amma tunda ke ɗaliba ce, ba zan bar ki da "kada" kawai ba, gara ki san dalili yadda za ki iya yi wa 'yan gida bayani da bakinki.

NGF (Nerve Growth Factor, wato sinadarin da ke sa jijiya toho) gaskiya ne, kuma labarin gano shi yana cikin waɗanda na fi so in ba ɗalibai. Rita Levi-Montalcini likita ce 'yar Italiya, haifaffiyar Turin a 1909. A 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin da suka hana Yahudawa aiki a jami'a, sai ta mayar da ɗakin kwananta wurin bincike, da madubin ƙara girma da ƙwan kaji. Ta karanta aikin wani masanin kimiyya, Viktor Hamburger, na 1934, wanda ya nuna cewa idan aka cire tohon fiffike daga ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, ƙwayoyin jijiyar da ya kamata su je wa fiffiken sai su ƙaranta ƙwarai. Shi a ganinsa ƙwayoyin ba su samu ba ne tun farko. Ita da ta maimaita gwajin tana duba ƙwan a matakai daban-daban, sai ta ga ƙwayoyin suna samuwa lafiya lau, suna miƙa zarensu, daga baya ne suke mutuwa da suka rasa inda za su sauka. Wato akwai wani abu a fiffiken da ke riƙe da ransu.

Hamburger bai ji haushin an yi masa gyara ba. Gayyatarta ya yi zuwa Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, ta isa a 1947, ta shafe shekara 30 a can. A 1952 ta tafi Rio de Janeiro a Burazil ɗauke da ɓeraye biyu masu ƙarin ciwon daji. Ta ajiye guntun ƙarin kusa da dunƙulen ƙwayoyin jijiya a cikin faranti, ba su taɓa juna ba, cikin sa'o'i kaɗan zaren jijiya ya fito ta ko'ina ya kewaye dunƙulen. Wato ƙarin yana fitar da wani sinadari mai sa jijiya toho, shi ne aka sa wa suna NGF. Wani masanin sinadaran jiki, Stanley Cohen, ya zo suka haɗa hannu a 1953. Shi ne ya gano sinadarin yana da yawa a dafin maciji, sannan ya same shi fiye da haka a gaɓar da ke samar da miyau a ƙarƙashin muƙamuƙin namijin ɓera. Da suka yi wa jariran ɓeraye allurar da ke kama NGF ta hana shi aiki, kusan duk ƙwayoyin jijiyar da ke ƙara bugun zuciya da tsuke hanyoyin jini suka mutu. Ita da Cohen suka raba kyautar Nobel a 1986. Ta rasu a 2012 tana da shekara 103.

Ga yadda abin yake a jikin ɗan tayi. Ana samar da ƙwayoyin jijiya fiye da waɗanda ake bukata, a wurare da dama kusan rabinsu suna mutuwa kafin halitta ta kammala. Kin san manomi yana zuba gero da yawa a rami ɗaya, bayan ya tsiro ya zo ya rage, ya bar masu ƙarfi. To nan ma haka ne, sai dai a jijiyoyin da suka dogara da NGF, abin da ke yin ragin shi ne ƙarancinsa. Fata da sauran gaɓoɓin da jijiya ke nufa su ke fitar da shi, ɗan kaɗan ƙwarai. Bakin zaren jijiya yana da wata makarɓa da ake kira TrkA. Idan ta kama NGF, sai a haɗiye su tare a cikin 'yar jaka, a yi ta jan su ta cikin zaren har zuwa uwar ƙwayar da ke gefen laka. A jikin babban mutum wannan tafiya daga ɗan yatsan ƙafa tana kai mita ɗaya. Kowace ƙwaya tana ɗauke da shirin kashe kanta, kuma saƙon nan ne ke danne shirin. Wadda ta isa inda ya dace ta samu rabonta sai ta rayu ta yi rassa. Wadda ta ɓata hanya ko ta makara sai ta mutu, jiki ya share ta. Da haka yawan jijiya ke daidaita da girman gaɓar da za ta yi wa aiki. Duk lokacin da na zo wannan wuri a darasi nakan ce Subhanallahi.

NGF yana da 'yan'uwa. A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka tace ɗaya mai suna BDNF daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus, shi ne ya fi yawa a ƙwaƙwalwa kuma yana da hannu a koyo da tunawa. Akwai NT-3 da NT-4. Kowanne da jijiyoyinsa. NGF ya fi kula da siraran jijiyoyin jin ciwo da zafi da sanyi. Akwai yaran da ake haifa makarɓarsu ta TrkA ba ta aiki, masu bincike a Japan suka gano dalilin a 1996. Irin waɗannan yara ba sa jin ciwo kuma ba sa gumi. Yaro zai tauna harshensa, ya ƙone, ya karye, bai yi kuka ba.

Yanzu mu dawo kan Baba. Tunanin da kika yi, masana sun riga sun yi shi, tunda siraran jijiyoyin nan su ne ciwon suga ke fara lalatawa. A ƙarshen shekarun 1990 an yi babban gwaji a Amurka da masu ciwon suga sama da 1,000, ana yi musu allurar NGF na gaske a ƙarƙashin fata. Sakamakon ya fito a 2000: bai fi allurar da ba magani a cikinta ba. Ƙari a kan haka, wurin allurar yana ciwo, domin a jikin babba NGF yana ƙara wa jijiya saurin jin zafi. Inda ya yi nasara shi ne ido. Akwai maganin ɗigawa mai ɗauke da NGF, sunansa Oxervate, wanda Turai ta amince da shi a 2017, Amurka a 2018, don gyambon baƙin ido da lalacewar jijiya ke jawowa. Ana ɗiga shi sau 6 a rana har mako 8, kai tsaye a kan wurin da ke bukata.

To idan allurar ainihin sinadarin ba ta yi ba, ina ga ƙwayar haɗiya? NGF furotin ne, idan ya shiga ciki za a narkar da shi kamar yadda ake narkar da kowane furotin na abinci. Abin yana ɓata mini rai, domin masu wannan talla sun ɗauko sunan gaskiya suna cin kuɗin marasa lafiya da shi.

Kuɗin nan ku kashe shi a gwajin suga da ganin likita. Daidaita suga shi ne abin da aka tabbatar yana rage saurin lalacewar. Idan Baba ya daɗe yana shan metformin, a duba masa bitamin B12, don maganin yana iya rage shi, rashinsa kuma yana taɓa jijiya. Zugin dare akwai magungunansa, likita zai zaɓa masa. Ke kuma ga aikinki: duba masa ƙafa kullum, har tsakanin yatsu da dunduniya, a tsane su bayan alwala. Kada ya yi tafiya ba takalmi, a zazzage takalmin kafin ya sa. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, ruwan wanka kuma wani ya taɓa masa tukuna. Ƙaramin rauni ko ƙurji, a kai shi asibiti a ranar.

TAMBAYA: Likita, kwanon rufi ya yanke ni a wuyan hannu wata biyu da suka wuce. An ɗinke, ya warke, amma yatsuna biyu ba na jin su. Za su dawo?
Daga wani kafinta a Zariya.

AMSA: Sannu Malam, Allah ya sawwaƙe. Jijiyar hannu tana iya sake tohowa. Bayan yanka, ƙwayoyin da ke naɗe da ita, waɗanda ake kira Schwann, suna jeruwa su yi hanya, suna fitar da NGF da 'yan'uwansa don jawo sabon zare. Tohon yana tafiya kamar milimita ɗaya a rana, wajen inci ɗaya a wata. Amma idan ta tsinke gaba ɗaya kuma fata kawai aka ɗinke, zaren ba zai gane hanya ba sai an haɗa bakunan biyu da tiyata. Jinkiri yana da illa, don tsokar da ta daɗe ba jijiya tana shanyewa. Ka nemi likitan tiyatar hannu a wannan makon, ko a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kafin nan ka kula da yatsun wajen zarto da abu mai zafi, tunda ba za su gaya maka sun ji rauni ba.