Ɗanɗana shokola kafin ka zuba ta a tukunya

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa duk kwalin shokolar da ya shigo patiserin nan sai na ɓalli guntu na sa a baki, na yi shiru, alhali sunan kamfani da lamba suna rubuce a jikin takarda. Ka ce kai da ka ci, zaƙi kawai ka ji. To ai tauna ka yi ka haɗiye. Jawo kujera.

Takarda tana faɗa maka abin da aka zuba a masana'anta, ba ta san abin da ya sami kayan a hanya ba. Kwalin nan ya sauka a tashar jirgin ruwa, ya kwana a bayan babbar mota rana na dukan sa, ya zauna a sito, sannan ya iso Yamai. Man kakawo, wato man ƙwayar da ake yin shokola da ita, yana narkewa wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi ya kan haura 40. Shokolar da ta narke ta sake daskarewa a hanya, bakinka ne kaɗai zai tona mata asiri kafin ka ɓata gaton auren mutane, wato kek ɗin bikinsu.

Da safe ake wannan aiki, kafin baki ya gaji. Wanda ya ci kilishi da yaji, ko ya sha shayi kofi uku, ya haƙura sai gobe. Kurkure baki da ruwa mai ɗan ɗumi.

Fara da ido. Mai kyau tana sheƙi, launinta ɗaya. In ka ga ta yi furfura, goga da yatsa. In farin ya ɓace ya bar santsi, mai ne ya taso saboda zafi, kuma wannan tana gyaruwa: a narkar da ita zuwa digiri 45 ko 50, a sauke ta zuwa 27 ko 28, a ɗan ɗaga zuwa 31 ko 32, sai ta dawo hayyacinta. In kuwa ka ji gurzi-gurzi a yatsa, sukari ne, raɓa ta taɓa ta. Laifinmu ne wannan galibi. Yaro ya ciro ta daga firigo ya buɗe ta nan take cikin iskar ɗakin gashi, ta yi gumi, gumin ya narkar da sukarin sama, ya bushe ya bar tsakuwa. Shi ya sa nake cewa a bar ta cikin ledarta har ta huce sanyi. Irin wannan sai dai ta shiga cikin ƙullun gato, ba ta yin ado.

Sai ka karya ta kusa da kunne. Ƙas! ake son ji. Wadda ta lanƙwashe ko ta marmashe, ka san da magana. Mai madara ba ta kai baƙa ƙara ba, kar ka ɗora mata laifi. Sannan shinshina wurin da ya karye. Mai yana kwasar wari, in ta kwana kusa da albasa ko kifi, a nan za ka kama ta.

Yanzu ga wurin da kake gaggawa. Guntu kamar ƙwayar dabino ya isa. Ciza sau ɗaya ko biyu, ka ɗora a harshe, ka danna shi a saman baki, ka bar shi. Kar ka taimaka masa. Shokolar gaske tana narkewa da kanta, har ka ji ɗan sanyi-sanyi a harshe, ta tafi ta bar bakin fes. Wadda aka yi da man kwakwar manja maimakon man kakawo ba ta son narkewa, kuma in ta tafi sai ka ji maiƙo ya manne maka a saman baki. Tun da kuɗin kakawo ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, irin wannan ba ta wuyar samu. Ba na zagin ta, tana jure zafinmu, tana da wurinta a kan biskit mai araha. Amma ba za mu saye ta da kuɗin ta gaske ba, ba kuma za mu sayar wa mutane ita da wannan suna ba.

Tana narkewa, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Yawancin abin da ake kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro. Toshe hancinka ka gwada, zaƙi da ɗaci kawai za su rage. Saki, sai sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya: ɗan tsami irin na tsamiya, gasasshiyar gyaɗa, wani lokaci dabino. Faɗe su da sunan abin da ka sani, ba sai ka ari kalmomin Turawa ba.

Kowane aibu da inda ya samo asali. A Kodebuwa da Gana, inda wajen rabin kakawon duniya ke fitowa, manomi yana fasa ɗan itacen, ya tara ƙwayar da farin ruwanta, ya rufe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ta ruɓa yadda ake so, sannan ya shanya a rana. In ya yi gaggawar buɗewa, bauri za ka ji yana ɗaure maka harshe. In a kan wuta aka busar, hayaƙi. In an gasa ta ta wuce, ƙauri. In ka ji yashi-yashi kuma ba raɓa ba ce, niƙa ce ba ta yi ba, abin da injin da Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro a 1879 a Suwizalan ya zo ya magance, ta hanyar murza ta awanni masu yawa.

Lambar 70% da kake gani ba maki ba ce. Tana nufin kashi 70 daga kakawo yake, ƙwaya da mai, sauran kusan duk sukari. Akwai mai 70 da ba ta da komai sai ɗaci, akwai mai 55 da za ka so ka ƙara.

Bayan ka haɗiye, kar ka yi magana tukuna. Ka san yadda goro yake, ɗaci da fari, sai ka sha ruwa ka ji garɗi ya biyo. Dangi ɗaya ne ma da kakawo a wajen masana tsirrai. Shokola mai kyau haka take barin ƙamshinta minti ɗaya, biyu, ko fiye. Maras kyau tana wucewa tare da sukarinta, ko ta bar maka ƙishirwa.

Gobe bayan sallar asuba zan ajiye maka guntu uku a faranti, ba takarda ba suna. Fara da wadda ta fi duhu, don zaƙi yana dushe harshe, kuma ka sha ruwa tsakani. Kai za ka faɗa mini wadda za ta hau gaton ranar Asabar, da dalili.