Amsa: Akwai tsuntsayen fadama a Legas kuwa?

Malam, ka ce tunda ka zo Agege daga Hadejia, ban da balbela da hankaka ba ka ga wani tsuntsu ba. Wallahi suna nan, gefen ruwa ne ba ka leƙa ba.

Ka yi sammako bayan asuba ka je bakin ruwa na Jami'ar Legas a Akoka, lokacin da ruwa ya janye. Za ka ga zalɓe tsaye cikin taɓo, ƙafa ɗaya a naɗe, yana dakon kifi, shirwa kuma tana shawagi a sama. Daga Oktoba zuwa Maris ƙananan tsuntsaye masu dogon baki kan iso daga Turai, irin baƙin da ka saba gani a fadamun Hadejia da Nguru. Taɓon nan da muke ƙyama cike yake da tsutsa da ƙananan ƙaguwa, shi ke riƙe su.

Akwai kuma gandun dajin Lekki da ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta kafa a 1990, hekta 78, ana biyan kuɗin shiga.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake cike fadamu da yashi ana gini daga Lekki har Ajah. In taɓo ya tafi tsuntsu ba ya zama, ruwan damina ma sai ya rasa wurin kwanciya ya shigo gidaje.