Tambaya da Amsa: An mayar da 'yata wasan bibbiyu, ko rage mata daraja aka yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata tana jami'a, kuma tun tana sakandare take buga tanis. Bana kocinsu ya cire ta daga wasan ɗai-ɗai, ya haɗa ta da wata yarinya su riƙa buga na bibbiyu. Ta dawo gida ranta a ɓace, wai ajiye raket za ta yi. Shi kuma ya ce ta nemi labarin wata 'yar ƙasar Sin mai suna Zhang Shuai. Wace ce ita? Kuma tsakani da Allah, wannan ba lallashi ba ne irin wanda ake yi wa wanda aka ga ba zai kai labari ba?
Wata uwa, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya mana ita. Kocin nan ya san abin da yake yi da ya zaɓi wannan suna, don babu 'yar wasan da ta fi Zhang Shuai sanin ɗacin da 'yarki take ji.

An haife ta a birnin Tianjin a watan Janairun 1989. A tanis akwai manyan gasa huɗu a shekara: ta Ostareliya, ta Faransa, Wimbledon a Ingila, da ta Amurka. Sau 14 a jere matar nan tana shiga waɗannan gasa a wasan ɗai-ɗai, sau 14 ana fitar da ita a zagayen farko. Ki duba fa, kuɗin jirgi, kuɗin masauki, kuɗin koci, a je a buga wasa ɗaya a tattara kaya. Zuwa ƙarshen 2015 ta fara maganar barin wasan, kuma cikin waɗanda suka ba ta baki har da ƙawarta Samantha Stosur 'yar Ostareliya. A Janairun 2016 ta je gasar Ostareliya a birnin Melbourne tana ta 133 a duniya, sai da ta bi ta wasannin share fage, sannan aka haɗa ta da Simona Halep, ta biyu a duniya a lokacin. Ta doke ta. Da aka miƙa mata makirfo a tsakiyar fili, kuka ne ya ci ƙarfinta. A wannan gasar ta kai kwata fainal.

Amma kofunan da suka ɗaga sunanta a bibbiyu ta same su, kuma tare da Stosur ɗin nan. Sun ci gasar Ostareliya a 2019, inda suka doke masu riƙe da kofin, Timea Babos da Kristina Mladenovic. Sun sake cin ta Amurka a 2021 a kan Coco Gauff da Caty McNally. A 2022 ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon tare da Elise Mertens 'yar Beljiyam, ta kuma hau matsayi na biyu a duniya a bibbiyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2023 zuwa 2024. A ɗai-ɗai ta sha kashi sau 24 a jere. To a tsakiyar wannan rashin sa'a, a watan Satumban 2024, ta kai wasan ƙarshe na bibbiyu a gasar Amurka, abokiyarta kuwa Mladenovic ce, wadda ta taɓa dokewa a Melbourne. Hannu ɗaya, raket ɗaya, wata ɗaya. Kafin watan ya ƙare ta kawo ƙarshen shan kashin nan na ɗai-ɗai a Beijing, tana da shekara 35, har ta kai kwata fainal a gaban mutanen ƙasarta.

Wannan ya nuna miki wasannin biyu ba abu ɗaya suke nema ba. Tsawon fili ɗaya ne, mita 23.77, amma faɗinsa a bibbiyu mita 10.97 ne, a ɗai-ɗai kuwa 8.23. Mai ɗai-ɗai tana tsayawa a baya tana dogon bugu, ƙafa da numfashi take kashewa. Mai bibbiyu rabin rayuwarta a gindin raga take, inda ƙwallo ke zuwa kafin ki ƙifta ido, sai mai saurin hannu da kaifin lura. In kin samu dama ki je kallon atisayensu da yamma, ki zuba ido kan wadda ke gaba lokacin da abokiyarta za ta buga sabis, wato bugun da ake fara sa ƙwallo cikin wasa da shi. Za ki ga ta kai hannu bayanta ta yi alama da yatsu, tana gaya mata inda za ta aika ƙwallon da kuma ko za ta tsallaka ta tare ko za ta tsaya. Ta baya ta amsa da kalma ɗaya. Kamar lugude ne a turmi guda: in ɗaya ta saɓa, taɓare ne za su haɗu. Na ga yara da yawa masu ƙarfin bugu da suka kasa wannan, don ba su iya haƙuri da kuskuren wata ba. In koci ya ga 'yarki tana da hannun raga da sanyin kai, yabo ne, ko da bai iya faɗarsa da daɗi ba.

Ƙasar Sin ma ta wannan ƙofa ta shiga tanis. Li Ting da Sun Tiantian suka ci zinare a Olamfik na Athens a 2004. Zheng Jie da Yan Zi suka ci gasar Ostareliya da Wimbledon a 2006. Sai a 2011 Li Na ta kawo musu babban kofin ɗai-ɗai na farko, a Faransa. Hukumarsu ta duba inda 'yan matanta za su iya gogawa da Turawa, ta zuba ƙarfinta a wurin.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Kuɗin bibbiyu bai kai na ɗai-ɗai ba ko kusa, kuma biyu ake raba shi. 'Yan kallo sun fi ƙaranci, talabijin ma ba ta cika nuna shi ba. Shi ya sa Zhang ba ta taɓa sakin ɗai-ɗai ba, har kofi uku ta ci a ciki, biyu a Guangzhou ɗaya a Lyon. Ni ma abin da zan so wa 'yarki ke nan. Ta je wurin kocin cikin ladabi ta tambaye shi abin da ya gani a wasanta, ta kuma roƙi a bar ta tana buga ɗai-ɗai a atisaye da ƙananan gasa. A wasannin jami'o'i na NUGA lambar bibbiyu lamba ce cikakkiya, ba a rubuta mata rabi.

Sannan Hajiya, ki nemi sanin yarinyar da aka haɗa su. Ki sa a gayyato ta gida ranar Asabar su ci tuwo tare, ki ji ko 'yar Samaru ce ko Sabon Gari, a san yadda za su riƙa haɗuwa su tafi fili da wuri kafin rana ta yi zafi. Ki ce wa 'yarki ta ba wa haɗin nan zango ɗaya na karatu tukuna, in ya ƙare ki sake rubuto mini yadda suka kwashe.