Riƙe kuɗin sitatar tukuna, saurari ƙarar

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce Corollarka ta kwana lafiya a ƙofar gida a Asawase, da safe ka murɗa makulli sai ta yi "ƙas" ta yi shiru. Fitilun dashbod suna kamawa, batir bai wuce wata uku ba, kuma wani fita, wato makanike, ya ce a je Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, a sayo wata sitata, na'urar da ke juya injin ya tashi. To, riƙe kuɗinka tukuna. Na daɗe ina jan tasi a Kumasi, wannan ƙarar ta ci mini kuɗi kafin in san yarenta.

Ba ka faɗa mana ko sau ɗaya take yi ba, ko kuwa a jere. In ƙas-ƙas-ƙas take yi da sauri kamar keken tela, wuta ce ba ta isa ba: solinoyid, wato makunnin da ke haɗa sitata da wutar batir, yana kamawa, sitata ta ja wuta, batir ya kasa, ya saki, ya sake kamawa. In kuwa sau ɗaya ce mai nauyi, to wuta ta kai ga solinoyid amma ba ta wuce ta juya sitata ba. Kama fitilar dashbod ba shaida ba ce. Ita wutar da take sha ko kyanwa ba za ta ƙosar ba, sitata kuwa tana jan sama da amfiya 100 a lokaci guda.

Kunna manyan fitilu, ka sa yaro ya tsaya a gaba, ka murɗa makulli. In suka dushe kamar za su mutu, galibi laifin yana batir ko kawunansa. In suna nan tar amma ƙas ɗin na nan, hankalinka ya koma wajen sitata da wayoyinta. Mai mita ya auna: cikakken batir volt 12.6 yake nunawa, in ya sauka 12.2 rabi ya tafi, in kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da ake murɗawa, ya gaji ko da jiya aka sayo shi. Ba ka ce sabo ne dal ko na hannu ba, alhali batir na hannu shekarunsa a ɓoye suke.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka dakata. Lokacin da nake da Opel Astra, ta yi mini haka a Tafo, fasinja huɗu a ciki, ana shirin kiran Magariba. Aka ce batir, na saya. Bayan kwana biyu ta maimaita, aka ce sitata, na saya. Ba a yi sati ba ta sake. Sai wani dattijo mai gyaran wayarin a Suame Magazine, ko sitatar bai kalla ba, ya ce in murɗa, shi kuma ya dafa baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota. Ya ce, "Taɓa nan." Da zafi. Ya yanka robar da reza, sai ga tagullar ciki ta koma koriya, tana marmashewa a yatsa kamar busasshiyar kuka. Daga waje kuwa wayar kamar sabuwa. Guntuwar waya ya sa mini, tsohuwar sitatata ashe lafiyarta ƙalau.

Don haka fara da kawunan batir. Murɗa su da hannu, in sun motsa ka samu ɓarawon. Ɗauki sifana lamba 10, ka cire na mainos da farko, ka wanke farin garin nan da ruwan zafi, ka goge da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, ka mayar da na fulos sannan mainos. Masu cusa ƙusa a kan batir su buga da dutse, Allah ya shirye su, kan suke fasawa. Wayar jiki kuma gwajinta mai sauƙi ne: ɗauki wayar jan wuta guda ɗaya, ka haɗa mainos na batir da ƙarfen injin kai tsaye. In ta tashi, magana ta ƙare.

In duk wannan bai yi ba, sai a zo kan sitata. Wani ya riƙe makulli a murɗe, motar tana fakin ko furi da birkin hannu a ja, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikinta da sifanar taya. In ta tashi, burushin ciki sun cinye. Sitatar Denso da Toyota take sakawa kuma an san ta da cinye ƴan tagullar cikin solinoyid, kuma su kaɗai ake canzawa, ba sai an sayi sitata sukutum ba. Da ta tashi a auna caji, ya kamata a ga wajen 14. In bai kai 13 ba, altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ita ce ke kashe maka batir. Turi kuwa na mai kulochi ne, a giya ta biyu. In taka otomatik ce kar ka wahalar da samarin unguwa.

Abu ɗaya nake so ka tuna mini: ka ratsa ruwa jiya? Ka san yadda rafin Aboabo yake hawa titi in an yi ruwa mai ƙarfi. In ruwa ya shiga silinda, fistin ba ya iya matse shi, injin ya cije, sitata ta yi ƙas ɗaya tak. In haka ne kar ka ƙara murɗawa, kar kuma a tura, sandar fistin za ta lanƙwashe. Buɗe gidan iya-kilina, wato matatar iskar injin, ka taɓa. In da danshi, a cire fulogogi duka kafin kowa ya sake kai hannu kan makulli.